Ni da maiɗakina muna son fara fita daji da hawan duwatsu, mu fara da Mambila?

Tambayar a taƙaice: wani magidanci ne mazaunin Kano, aurensu bai daɗe ba, suna da yaro ɗaya da aka yaye. Shi tun yana ɗalibi yake son shiga daji da hawan duwatsu. Maiɗakinsa ba ta taɓa irin wannan tafiya ba, amma ta ce tana sha'awa. Yana so a hutun ƙarshen shekara su tafi Mambila su hau Chappal Waddi, sai dai manya a gida suna ganin yawon banza ne. Yana neman a faɗa masa ta inda zai fara.

Malam, Allah ya bar ku tare, ya raya muku yaron. Niyyarka mai kyau ce, ina kuma goyon bayanta. Amma Chappal Waddi a bana, ban ba ka shawara ba. Na daɗe ina raka matafiya daji da kan duwatsu, cikinsu har da ma'aurata, kuma abin da na sha gani shi ne tafiyar farko ita ke yanke hukuncin ko za a yi ta biyu. In iyalinka ta dawo gida da kumburarriyar ƙafa da ɓacin rai, ko ba ta furta ba, duk ranar da ka sake tayar da zancen za ta samo uzuri. In kuwa ta dawo tana ba 'yan'uwanta labari, ita da bakinta za ta riƙa tambayarka yaushe za a koma. Saboda haka duk shirin da zan ba ka a nan, manufarsa ke nan: ta dawo tana son ƙari.

Bari in fara gaya maka abin da kake shirin ɗora mata. Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba. Gandun shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Daga Kano, kafin ma a zo batun hawa, kwana biyu ne a mota: Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, a kwana; washegari a ɗauki hanyar Bali da Serti, a wuce Mayo Selbe, sannan mota ta fara hawan tsaunin Mambila da kwanoninsa masu juya kai. Wanda bai saba ba, a nan yake fara amai. Bayan wannan akwai inda mota ke tsayawa a hau babur, akwai inda babur ke tsayawa a taka da ƙafa, da izinin hukumar gandu da rakiyar ma'aikatanta, a kwana a tanti cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Ga shi kuma watan Disamba ka zaɓa, lokacin da hazon hunturu kan rufe ko'ina, mutum ya sha wuya ya hau, ya tarar ba ya hangen komai. Wannan tafiya ce ta waɗanda suka riga suka san ƙarfin ƙafar juna. Ku ba ku sani ba tukuna.

Sanin nan kuwa a gida ake fara shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga Dala da Goron Dutse a cikin garinku. Ranar Asabar bayan sallar Asuba ku fita ku hau ɗaya, ku sauko kafin rana ta yi zafi. Cikin mako, sau biyu ko uku, ku taka na minti talatin zuwa arba'in a unguwa ko a harabar wata makaranta, da takalmin da za ku yi tafiyar da shi. Sabon takalmi shi ke kawo bororo a dunduniya, kuma bororo ɗaya ya isa ya lalata tafiyar kwana uku. In kun yi wata guda a haka, ku je Zariya ku hau Kufena, ku dawo a ranar. A nan za ka ga abubuwan da ba ka sani ba game da matarka: ko tsayi na sa ta jiri, ko gangara ce ta fi ba ta wuya, bayan minti nawa take neman ruwa, da yadda fuskarta ke canzawa in ta gaji amma ba ta son ta faɗa. Ita ma za ta san naka. Kada ka ɗauka lallai kai ne mai ƙarfin. Na ga mata da yawa da aikin gida ya riga ya horar da jikinsu, suna gaba suna hira, maigida mai wunin ofis yana baya yana haki.

Akwai wani abu da maza ke yi a kan dutse ba tare da sun lura ba, kuma shi ne ya fi komai ɓata wa mata wannan harka. Na gan shi a duwatsun Shere da ke gabashin Jos, na gan shi a wurare da dama. Miji zai wuce gaba da sauri, ya sami inuwa ya zauna a kan falalen dutse yana danna waya. Matar tana tafe a baya, tana dafa gwiwa, gumi ya jiƙa hijabinta. Tana isowa, kafin ta sauke numfashi, sai ya miƙe ya ce, "Yauwa, mu je." Shi ya huta minti goma, ita ba ta huta ko ɗaya ba. A yi haka sau huɗu, sai ka ga ta yi shiru, amsarta ta koma "to" da "ba komai". Shi kuma yana ganin ai jiranta yake ta yi, har yana jin ya yi haƙuri.

Gyaran mai sauƙi ne. Wanda ya fi tafiya a hankali shi ke gaba, ɗayan ya bi sawunsa. Hutu yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da na ƙarshe ya zauna. Jakar goyo mai nauyi tana bayan wanda ya fi ƙarfi, amma kowa ya riƙe gorar ruwansa, don kada sai ta roƙa kafin ta sha. Sannan tun a gida ku yi alkawari cewa kowannenku yana da ikon cewa a juya, kuma in an faɗa an gama, babu "saura kaɗan fa", babu ɗaure fuska a hanyar dawowa. Macen da ta tabbatar in ta ce a tsaya za a tsaya, ita ce ke yarda ta ƙara taku. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Anjasha, mai kora raƙuman da mata ke kai, da ya sassauta tafiya saboda su. Ya kuma tabbata cewa a cikin tafiya ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa, daga baya a wata tafiyar ya tsere mata. Ka riƙe waɗannan biyun, za su yi maka amfani a kan dutse, za su kuma yi maka amfani a gaban manya.

To ina za ku je a bana? Yankari. Kwana biyu ko uku, ba ƙari.

Dalilina shi ne Yankari daji ne na gaske, amma da ɗaki da gado da banɗaki a tsakiyarsa. Yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun gwamnatin tarayya a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya kwana zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Abin da mutane ke mantawa shi ne daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiya ta fiye da kilomita 40 a cikin dajin, babu gidan mai, babu mai faci. Ka cika tankinka a Bauchi, ka kuma lissafa yadda za ka isa ƙofa da sauran rana.

Ku je da zuciyar da ta san daji ba gidan zu ba ne. Giwayen Yankari su ne garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma ba kullum ake ganinsu ba. Zaki kuwa sai an yi babbar sa'a. Abin da ya fi yiwuwa ku gani shi ne ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, gadu, kada, dorina a bakin ruwa, da tsuntsaye iri-iri. Ka faɗa wa maiɗakinka wannan tun a gida. Na ga magidanta suna cika baki da alkawarin zaki tun daga Kano, a dawo ba a gan shi ba, tafiyar da ta yi kyau ta koma kamar an yi asara. Dabbobi sun fi ganuwa da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, kowa sai ya gangaro kogin Gaji ya sha. Sai dai Maris da Afrilu zafi ne na fitar hankali, yakan kai digiri 40. Ga wadda za ta fara, Janairu ko farkon Fabrairu ya fi. In hutun ƙarshen shekara kaɗai kake da shi, ba laifi, amma ka kama ɗaki da wuri, ka kuma sa rai da cinkoso. Zagayen ganin dabbobi da jagoran gandu ake yinsa, kuma na sassafe ya fi na yamma albarka. In jagora ya ce kada a sauka daga mota, to kada a sauka, ko da hoton zai fi kyau daga ƙasa.

Ruwan Wikki shi ne abin da ba za ta manta ba. Yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani dutse mai jan launi, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasansa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da sanyin safiyar hunturu, in ka sa ƙafa sai ka ji kamar an sirka maka ruwan wanka. Amma abu biyu. Na farko, kusa da inda yake fitowa zurfinsa ya kusa mita 2, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a ƙasa-ƙasa inda yake iya gwiwa ko ƙugu, kuma yaro kada ya bar hannu ko na ƙiftawar ido. Na biyu, wurin na kowa ne, maza da mata. Ranakun Asabar da Lahadi da lokacin bukukuwa yakan cika da ɗalibai da samari. In iyalinka tana son shiga cikin sutura da natsuwa, ku zaɓi tsakiyar mako, ku sauka da hantsi kafin jama'a su fito, ta sa dogon wando da riga mai kauri wadda ba ta manne wa jiki in ta jiƙe, ta riƙe babban zane na fitowa. In ta ce ita dai a bakin ruwa za ta zauna ta tsoma ƙafa, ka bar ta. Kada ka mayar da shi gardama.

Sai birai. Manyan biran nan da ake kira bika sun saba da mutane a masaukin Wikki har sun daina tsoro. Mace ta fito daga mota da ledar burodi a hannu, kafin ta rufe ƙofa wani ƙato ya taho a guje ya fizge, ya koma gefe ya zauna yana yage ledar. Sukan shiga ɗakin da aka bari a buɗe, sukan leƙa motar da ba a ɗaga gilashinta ba. Sun fi raina mata da yara. Abinci ya kasance cikin jaka mai zif ko kula mai murfi, kada a ci komai a fili ana tafe, kada a ba su da hannu, in kuma ɗaya ya fizge abu a sakar masa. Cizon biri magana ce ta asibiti da allura. Ka gaya mata wannan tun kafin ku isa, domin firgitar da ba a shirya mata ba ita ke zama abin da aka fi tunawa. In lokaci ya ragu, ku leƙa ɗan gidan tarihin da ke masaukin, ku kuma nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse.

Batun sutura ina so in ɗan tsaya a kai, don maza ba su cika tunaninsa ba, matan kuma ba a gaya musu. Doguwar baƙar abaya da hijabi har ƙasa ba kayan daji ba ne. Ƙaya na kama su, ƙafa na harɗewa a gangara, baƙi na jan zafi, kuma tsando, ƙudan nan mai cizo da ake samu a kurmin bakin kogi, baƙi da shuɗi mai duhu ne ke janyo shi. Mace za ta iya rufe jikinta tsaf ba tare da wannan ba: wando mai faɗi, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa ko ƙasa da haka, hijabi iya ƙugu na yadi mai shan iska, launin ƙasa ko toka ko kore mai haske, safa, da takalmin kambas mai kama ƙasa. Silifas na bakin ruwa ne kawai. Ka ba ta kuɗin ɗinkin tun yanzu, ta zaɓa da kanta, ta gwada su a Dala.

Lafiya kuma, ruwa ne kan gaba. Ranar da za a yi yawo a rana, kowane mutum ya tanadi lita uku zuwa huɗu. Ku riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku tafi da gidan sauro da maganin shafawa, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo ya je a gwada jininsa. Kada ganin Wikki ya sa ku riƙa faɗawa kowane tafki ko dam a hanya. Ruwan da ke kwance shi ke ɗauke da tsargiya. Yankin Bauchi da Gombe da Taraba ƙasar kububuwa ce, shi ya sa ma akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Da dare kada a taka waje ba tocila ba rufaffen takalmi, kada a zura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti kai tsaye ba tare da an tsaya wajen mai magani ba. In kuma akwai juna biyu ko ana zaton akwai, a ga likita kafin a sa rana. Hanyoyin cikin daji akwai girgiza, kuma asibiti da nisa.

Yaron fa? A wannan karo na farko, in akwai kaka ko gwaggo da ya saba da ita, ku bar shi na kwana biyu. Uwar da ke goye da yaro tana kallon birai ba hutawa ta zo yi ba, aikin gida ne ta canza masa wuri. Amma wannan hukuncinta ne. In ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai da shi, a tafi da shi, kai kuma ka san ɗaukarsa da yi masa wanka sun hau kanka rabi da rabi. Haka nan girki. Kada ka ɗora mata risho da tukwane. Ku ci a masauki, ku riƙe guzurin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, filas na ruwan zafi.

Hanya a wannan zamani sai da tambaya. Labarin tsaro na canzawa daga wata zuwa wata, kuma yankin Alkaleri ma ya taɓa fuskantar matsala. Mako guda kafin tafiya ka kira masaukin, ka kuma je tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum. Daren tafiya ka sake tambaya. Da ɗan gari akan ci gari. In aka ce a dakata, ku dakata, ko da an biya kuɗin ɗaki. Ku fita bayan Asuba, ku sauka kafin La'asar, tafiyar dare babu ita a tsarinku ko kaɗan. Mota ta ga bakanike kwana uku kafin ranar, ba ana gobe ba, don in ya taɓa wani abu a sami lokacin gwadawa. A duba birki da ruwan inji da ƙarin taya da jak. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta; tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin sabis yakan ɗauke a daji, taransifa ta ƙi tafiya. Ku riƙe katin shaida, da takardar aure in kuna da ita. Mutum ɗaya a danginka da ɗaya a nata su san inda za ku da ranar dawowa. Hotuna kuma a bari sai an dawo gida a ɗora, kuma duk hoton da take ciki, sai da yardarta.

Salla ba ta da wahala a irin wannan tafiya. Nisan ya wuce na ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wato kilomita tamanin da 'yan kai, kuma tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, matafiya ne ku har ku dawo. Ku riƙe darduma da buta a mota, ku tsara tsayawarku ta dace da lokutan salla a garuruwa, ba a tsakiyar daji ba.

Kuɗi su ne abu na biyu da ke haddasa saɓani bayan saurin tafiya. Ku zauna tare da takarda: mai, kuɗin shiga, ɗaki, zagayen ganin dabbobi, abinci, ihsanin jagora, tsaraba. Farashi ka ji shi daga bakin masaukin a makon da za ku tafi. Abin da lissafi ya bayar, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a ajiye don ko-ta-kwana. In kuɗin bai kai ba, a rage kwana, kada a ci bashi, kada kuma a taɓa kuɗin cefane ko na haya. Matar da ta san an bar gida ba shinkafa ba za ta ji daɗin kallon gwanki ba. Ina kuma ba da shawara ka damƙa mata wani ɓangare gaba ɗaya, misali kuɗin abinci da tsaraba da zaɓen ɗaki, ya zama ita ke yanke hukunci a kai. Tafiyar da aka shirya da mutum daban take da wadda aka ɗauke shi aka kai shi.

Manya kuwa, kada ka yi musu gardama, kuma kada ku fita a ɓoye. Tsoronsu na hanya ne, kuma suna da hujja. Ka je da kanka ka zauna, ka faɗi inda za ku, kwana nawa, wa ka tambaya game da hanya, ƙarfe nawa za ku sauka. Ka je gidan surukanka ma ka yi haka, kada ka bar ta ita kaɗai da bayani. In akwai dangi a Bauchi, ku haɗa da zumunci, ku kwana ɗaya a wurinsu. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, amma wannan ka faɗe shi da ladabi in an tambaye ka, ba don ka ci su da hujja ba. Ku kira su da kun sauka, ku dawo ranar da kuka ce, ku zo da tsaraba. Karo na biyu za ka ga maganar ta yi sauƙi. Ga masu karatu da ke da mace fiye da ɗaya, sunna ita ce ƙuri'a: haka Manzon Allah yake yi tsakanin matansa in zai yi tafiya. A kuma tsara yadda kowacce za ta samu nata zagayen.

In Yankari ta yi daɗi, mataki na gaba Jos ne, wajen Oktoba ko Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa tana kore, hazo bai sauko ba. Ku hau Shere da jagora ɗan yankin, ƙololuwarsa ta haura mita 1,800, ku ga duwatsun Riyom da magangarar ruwa ta Assop. A magangarar ruwa, ko Assop ko Gurara, kallo ake yi daga inda aka ce a tsaya. Dutsen da ruwa ke bi santsi gare shi, kuma da damina ruwan na iya ƙaruwa cikin ɗan lokaci. Bayan wannan sai Mambila, amma karon farko ba don ƙololuwa ba. Ku je ku kwana a Gembu, ku ga gonakin shayi na Kakara, ku bi ta Nguroje, ku ga shanu a kan tuddai marasa iyaka, ku ji yadda jikinku ke karɓar sanyi da tsayin da ya kai kimanin mita 1,600. Ku tafi da rigunan sanyi na gaske da bargo. In da motarka ka je, a saukowa ka sa ƙaramar giya ka bar inji ya riƙe motar. Wanda ya dogara da birki kaɗai a wannan gangara, birkin kan yi zafi ya daina kamawa. In ba ka saba tuƙin tsauni ba, ka ajiye motar a Jalingo ko Serti ku hau ta direbobin hanyar. A dawowa ku tsaya a Serti, inda hedikwatar gandun Gashaka Gumti take, ku tambayi ma'aikata da bakinku yadda ake shirya hawan Chappal Waddi, da watan da ya fi dacewa, da abin da ake buƙata.

Za ka san lokacin Chappal Waddi ya yi idan ku biyun kuna iya tafiyar awa shida da jaka a baya, ku kwana, ku tashi washegari ku sake yi ba wanda ya kwanta ciwo. Idan kun taɓa kwana a tanti ko sau ɗaya a wuri mai aminci ta ce ta yi barci. Idan kuma ita ce ta fara tayar da maganar. Kafin nan, wannan Asabar ɗin ku fara da Dala, ku je kasuwa ta zaɓi takalminta, kai kuma ka nemi lambar masaukin Wikki ka ji ko akwai ɗaki a tsakiyar mako cikin Janairu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.